Wa Zai Tsaya Masa? Beli Tsakanin Caji Ofis da Kotu a Abuja

Wata ranar Talata da la'asar, matar da nake cin tuwo a rumfarta kusa da kasuwar katako ta Dei-Dei ta tare ni tun ban zauna ba. Hannunta duk gari, ko wankewa ba ta tsaya yi ba. Ta ce, "Malam, don Allah ka raka ni caji ofis, tun jiya aka kama ƙanena." Yaron ɗan dako ne a kasuwar, bai fi shekara 22 ba. Ya sayi waya ta hannu a wurin wani da bai san gidansa ba, ashe ta sata ce, aka bi sawunta har aljihunsa. Daga wannan yammaci zuwa wata biyar da suka biyo baya na ga yadda beli yake tafiya a garin nan, daga kantar caji ofis har teburin rajistaran kotu. Na kuma gane cewa yawancin cutar da ake yi mana tana samun ƙofa ne saboda ba mu san abin da doka take nema a wurinmu ba idan aka ce beli.

Tushen maganar yana cikin sashe na 36(5) na Kundin Tsarin Mulki na 1999, wanda ya ce duk wanda ake tuhuma mara laifi ne har sai kotu ta tabbatar da laifin a kansa. To mutumin da ba a riga an same shi da laifi ba, da wane dalili za a kulle shi? Dalilin da doka ta yarda da shi shi ne tsoron kada ya gudu, ko ya ɓata bincike, ko ya sake cutar da wani kafin a gama shari'a. Idan akwai hanyar kawar da wannan tsoro ba tare da an kulle shi ba, ita za a bi. Hanyar kuwa ita ce beli: a sake ka ka koma gidanka da sana'arka, bisa alkawarin za ka bayyana duk ranar da aka neme ka. Alkawarin a rubuce yake, ana sa masa hannu, ana kuma rubuta wani adadi na kuɗi a jiki. Kuɗin nan tara ce da take jiran ranar da aka karya alkawari. Sau da yawa ana neman wani ya haɗa nasa alkawarin da naka, shi ne wanda muke ce wa mai tsayawa. Shari'a kuma tana nan daram, beli bai wanke kowa daga tuhuma ba.

Da muka isa caji ofis ɗin, abin da idona ya fara faɗawa a kai shi ne takardar da aka manna a bango, an rubuta da manyan baƙaƙe cewa beli kyauta ne. A ƙarƙashinta akwai benci, mutane wajen shida a zaune, kowa riƙe da kwanon abinci ko ledar burodi. Aka fito da yaron daga bayan kanta, ba riga, ba takalmi, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Yayar ta ce wa ɗan sandan da ke binciken, "Yallaɓai, ni ce yayarsa, uwa ɗaya uba ɗaya, ni zan tsaya masa." Ya ce, "Hajiya, mace ba ta tsayawa, ki nemo namiji." Daga nan ya ja ni gefe, ya ce akwai kuɗin takarda, akwai na man motar da aka je kamo shi, akwai kuma na oga. Da ya haɗa jimilla, ta haura cinikin tuwonta na mako biyu.

Maganganun nan biyu duk doka ta riga ta yanke su. Dokar da ke tafiyar da shari'ar laifuka a Babban Birnin Tarayya da kotunan tarayya, wadda lauyoyi ke kira ACJA, an sa mata hannu a 2015, kuma sashenta na 167(3) ya faɗa ƙarara cewa ba za a hana mutum tsaya wa wani ba don kawai mace ce. Shekaru sun shuɗe da wannan, amma har yau za ka ji ana korar uwa ko matar aure daga kanta da wannan magana, alhali a gidaje da yawa su ne suka fi kowa sanin inda yaro yake kwana. Game da kuɗi kuwa, sashe na 30 ya ce idan laifin da ake zargi ba na hukuncin kisa ba ne, kuma ba za a iya kai mutum kotu cikin awa 24 ba, jami'in da ke riƙe da ofishin zai ba da belinsa bisa alkawari a rubuce, da mai tsayawa ko ba shi. Babu inda aka ce a miƙa ko sisi. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki ya ƙara ɗaure maganar: idan akwai kotun da ta dace a cikin tazarar kilomita 40, kwana ɗaya ne wa'adin kai mutum gaban alƙali, idan babu kwana biyu, ko abin da kotu ta ga ya dace da halin da ake ciki. A cikin birnin Abuja da garuruwan da ke jikinsa kamar Kubwa da Nyanya da Gwagwalada, kotu ba ta da nisa da kowane caji ofis. Wannan sashe ya kuma ba wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a.

To me ya sa muke biya? Wanda ya taɓa zama a kan bencin nan ya san amsar. Ɗanka yana ciki, dare yana yi, kuma wanda yake riƙe da mabuɗi shi ne yake faɗin farashi. Idan kamun ya faɗo ranar Juma'a da yamma, ka san kotu sai Litinin. Mutanenmu kuma suna tsoron kotu fiye da caji ofis, domin a ganinsu a nan ana iya gama magana yau, can kuwa an shiga ke nan. Na san ofisoshin 'yan sanda da yawa suna fama da ƙarancin kuɗin aiki, har mai ƙara ne yake sayen fayil da man mota. Wannan gaskiya ce, kuma laifin masu rabon kasafi ne. Sai dai cike giɓin daga aljihun wanda aka kama yana mayar da kamu sana'a, ya sa a riƙa kama wanda bai kamata ba, a kuma saki ɓarawon gaske idan aljihunsa da nauyi.

Akwai abubuwa biyu da suke tafiya kafaɗa da kafaɗa da wannan ciniki. Ɗaya shi ne kama uba ko mata ko ƙane a madadin wanda ake nema, wai har sai ya kawo kansa. Sashe na 7 na ACJA ya haramta shi, Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ma ta maimaita haramcin. Mu ko da ba doka mun san wannan tun muna makarantar allo: a cikin Suratu Yusuf, da 'yan'uwan suka roƙa a riƙe ɗaya daga cikinsu a saki ƙanensu, Annabi Yusuf ya nemi tsarin Allah daga kama wani ban da wanda aka sami kayan a wurinsa. Na biyu shi ne mayar da caji ofis wurin karɓar bashi. Sashe na 8 ya hana kama mutum a kan rikicin bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai, amma a kasuwanninmu mu da kanmu muke kai junanmu, mu ba da na goro a kulle abokin ciniki har sai ya rubuta ranar biya. Duk wanda ya yi haka ya taimaka wajen ɗaga farashin belin da wata rana za a nema a wurinsa.

Dokar 2015 ta tanadi hanyoyin fita. Idan awa 24 ta wuce ba a ba da beli ba a laifin da ba na kisa ba, ana iya sanar da kotu, a rubuce ko ma da baki, ita kuma ta sa a kawo mutumin gabanta. An wajabta wa shugaban kowane caji ofis ya kai wa majistare rahoton waɗanda aka kama a ƙarshen kowane wata, an kuma wajabta wa babban majistare ya riƙa zagaya wuraren tsare mutane aƙalla sau ɗaya a wata, da ikon ba da beli nan take. Akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ga marasa ƙarfi, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa a Maitama, akwai kuma lauyoyin sa-kai da suke ziyartar wasu ofisoshin 'yan sanda.

A daren nan na kira wani abokina lauya. Ya ce kada mu ba da ko kwabo, mu ce a ba da beli kamar yadda doka ta ce, ko a kai shi kotu. Yayar ta riga ta yi magana da uwar adashe za ta ɗauki kwasarta tun lokaci bai yi ba, ni na hana ta. Ba a ba da belin ba. A rana ta huɗu aka kai shi kotu, daga can ya wuce gidan gyaran hali ya yi kwana tara. Da ta biya, da ya kwana gida ranar Talatar nan. Na daɗe ina juya wannan a raina, kuma har yau ina ganin shawarar lauyan daidai ce, amma ba zan ɓoye tsadarta ba. A nan ne matsalar take: muddin bin hanyar doka ya fi cin hanci wahala da jinkiri, takardar da ke bango ba za ta hana kowa sa hannu a aljihu ba.

A kotu, nauyin tuhuma shi ne yake fara yanke yadda maganar beli za ta kasance. Idan ƙaramin laifi ne, wanda hukuncinsa bai wuce shekara uku ba, beli haƙƙin mutum ne sai in kotu ta ga wani dalili na hanawa. Idan hukuncin ya haura shekara uku, sashe na 162 ya ce har yanzu a ba da beli, sai fa in akwai ƙwaƙƙwaran dalilin cewa zai gudu, ko zai sake aikata laifi, ko zai tsoratar da shaidu, ko zai lalata hujja, ko zai kawo wa bincike cikas. Wato mai gabatar da ƙara ne ya kamata ya kawo dalilin tsarewa, kuma faɗa da baki kawai bai isa ba. Laifin da hukuncinsa kisa ne, kamar kisan kai ko fashi da makami, shi ne ƙofarsa take da ƙunci. Alƙalin babbar kotu kaɗai yake iya ba da belinsa, shi ma sai da dalili na musamman, kamar rashin lafiyar da likitan asibitin gwamnati ya tabbatar kuma ba a iya kula da ita a tsare, ko jinkirin bincike da gurfanarwa da ya wuce shekara ɗaya.

Daga nan ne wani rami yake buɗewa wanda ya cinye shekarun mutane da yawa. A kan kai mutum gaban majistare da tuhuma mai nauyi wadda majistaren ba shi da hurumin saurara, a ce ana jiran shawarar ma'aikatar shari'a, a tura shi ajiya. Fayil ya kwanta, ɗan sandan da ya yi binciken a canza masa wurin aiki, mutum ya zauna. Dokar 2015 ta yi wa wannan iyaka: kwana 14 da farko, ana iya ƙara wasu 14 idan an kawo dalili, bayan haka kotu ta kira hukuma ta zo ta faɗi abin da zai hana a sake shi. Duk da haka alƙaluman Hukumar Gidajen Gyaran Hali sun daɗe suna nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a ƙasar nan jiran shari'a suke yi. A Kuje da Suleja da Keffi, inda ake kai mutanen Abuja, akwai wanda aka hana beli, akwai kuma wanda aka ba shi beli tuni amma ya kasa fita. Wannan na biyun shi ya fi damuna, domin a cikinsu yaron nan ya kusa faɗawa.

Majistare ya karanta tuhumar karɓar kayan sata, yaron ya ce bai aikata ba, lauya ya nemi beli, mai gabatar da ƙara bai ja ba. Aka ba da beli a kan naira dubu 200 da mai tsayawa ɗaya wanda yake zaune a cikin hurumin kotu kuma za a iya tantance adireshinsa. Da aka fassara wa yayar, sai ta dafe kai ta zauna a ƙasa. Ta ce, "Malam, ina zan samo dubu ɗari biyu? Ko tukwanena na haɗa na sayar ba za su kai ba." Lauya ya durƙusa kusa da ita ya ce, "Hajiya, ba kawowa za ki yi ba. Sunan kuɗin kawai za a rubuta. Sai ranar da ya gudu ne za a nemi wanda ya tsaya masa ya biya." Sai da ya maimaita sau uku kafin ta ɗago. Na tabbata a kowace rana akwai iyalin da suke jin irin wannan adadi su juya su tafi gida suna kuka, ko kuma wani ɗan kamasho a bakin kotu ya karɓe musu kuɗin da ba wanda ya nema. Haka idan ka ji a rediyo an ba da belin wani babba a kan naira miliyan 100, yawanci ba buhun kuɗi ya kai kotu ba. Gaskiya ne sashe na 165 ya ba alƙali damar ya ce a ajiye kuɗi ko wata kadara, amma sai ya faɗa a cikin umarninsa, a biya a hannun kotu da rasit, kuma ajiya ce da ake mayarwa idan an gama shari'a. Wannan sashe ɗin dai shi ne ya ce kada sharuɗɗan beli su wuce kima.

A Amurka abin ya sha bamban, kuma finafinai sun sa wasunmu suna ɗauka haka yake ko'ina. A jihohi da yawa can sai an ajiye kuɗin, wanda ba shi da su sai ya je wurin kamfanin da sana'arsa ke nan, ya ba shi kamar kashi 10 cikin 100 wanda ba ya dawowa, kamfanin ya tsaya masa. Jihar Illinois ta daina belin kuɗi a 2023. Dokarmu ma a sashe na 187 ta ba babban alƙali ikon yi wa irin waɗannan masu tsayawa rajista da lasisi, amma abin da talaka yake tararwa a bakin kotu har yanzu shi ne a ce masa ya kawo mutum.

Kawo mutumin nan kuwa shi ne aikin. Mai tsayawa zai kawo hotuna, da katin shaida, da takardar rantsuwa cewa yana da abin da zai iya biyan adadin, da shaidar inda yake zaune kamar rasit ɗin haya ko takardar kuɗin wuta. Ma'aikacin kotu ko ɗan sanda zai je ya ga gidan da idonsa. Bayan haka alƙali ya sa hannu, a kai takardar saki gidan gyaran hali. Yayar tana da komai, ban da abu ɗaya: a Madalla take kwana, Madalla kuwa Jihar Neja ce, duk da cewa daga Zuba taku kaɗan ne. Kawunsu a Mararaba yake, Jihar Nasarawa. Abokan aikinsa 'yan dako a rumfunan kasuwa suke kwana, ba su da ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Haka Abuja take. Masu yi mata dako da gadi da gini da jan ruwa, hayarta ta kore su zuwa Suleja da Masaka da Madalla, ranar da suka shiga matsala kuma a ce sai mazaunin cikinta ne zai tsaya musu.

Wannan ma sharaɗi ne mai sauƙi idan aka kwatanta da na manyan kotuna, inda aka saba jin sai ma'aikacin gwamnati mai matakin albashi na 15 ko 16, ko mai gida a Maitama ko Asokoro da takardar mallaka ta asali. Kowa ya tuna 1 ga Nuwamban 2024, lokacin da aka gurfanar da mutum 76 a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja kan zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, cikinsu har da yara ƙanana daga Arewa, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. An ba da belin mafi yawansu a kan naira miliyan 10 kowanne da masu tsayawa biyu, ɗaya ma'aikacin gwamnati mai mataki na 15 zuwa sama. Yaron da aka ɗauko daga Kano, wane darakta ya sani a Abuja? Ba belin ne ya fitar da su ba, sai da ƙasa ta ɗauki zafi Shugaba Tinubu ya ba da umarni aka janye tuhumar. Tun a 2019 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Abuja, a shari'ar Sambo Dasuki, tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, ta cire sharaɗin kawo ma'aikaci mai mataki na 16 da kadarar miliyoyi, domin ba abin da ake tsammani ba ne daga mai cin albashin gwamnati. Amma al'adar ba ta mutu ba. Abin da ta haifar shi ne masu tsayawa na haya, waɗanda suke yawo da takardunsu a jaka, a biya su su sa hannu wa mutumin da ba su taɓa gani ba. Wanda bai san ka ba ta yaya zai kawo ka kotu? Sharaɗin da aka tsaurara don hana gudu ya koma yana kore uwa da kawu da maigida, waɗanda su ne kunyarsu take iya dawo da mutum. A lokaci guda kuma ana sakin wasu manya bisa mutuncin kansu kawai, ba tare da kowa ya tsaya musu ba. Wanda sharuɗɗa suka fi ƙarfinsa yana da damar komawa ya roƙi a sassauta, babbar kotu ma tana da ikon rage abin da majistare ya gindaya, sai dai wannan ma yana buƙatar lauya da kuɗin shigar da takarda.

Shari'ar Dasuki ta nuna wata fuskar kuma. Kotuna sun ba shi beli fiye da sau ɗaya, ya cika sharuɗɗa, amma ya zauna a hannun hukumar tsaro ta farin kaya, DSS, daga Disambar 2015 har 24 ga Disambar 2019. Duk abin da mutum yake ji game da tuhumar da aka yi masa, idan gwamnati tana zaɓar umarnin kotun da za ta bi, ba ta da bakin da za ta ce wa kurtu ya mutunta sashe na 30.

Dole kuma a yi wa alƙalai adalci. Mutane suna gudu. Unguwanni da yawa ba su da sunan layi balle lambar gida, kuma wanda ya hau motar dare ya bar gari, nemo shi aiki ne. Misalin da ba a manta ba shi ne na Abdulrasheed Maina, tsohon shugaban kwamitin gyaran fansho, wanda Sanata Ali Ndume ya tsaya wa a kan naira miliyan 500, ya jingina gidansa na Asokoro. Maina ya daina zuwa kotu, a Nuwamban 2020 Mai Shari'a Okon Abang ya tura sanatan Kuje, ya yi kwanaki a can kafin a ba da nasa belin. Daga baya aka kamo Maina a Yamai, a 2021 aka yanke masa shekara takwas. Abin da ya sami sanatan shi ne abin da doka ta tanada wa kowane mai tsayawa. Idan wanda ka tsaya wa ya ɓace, kotu za ta kira ka ta ba ka dama ka kawo shi ko ka faɗi dalilin da zai hana a ci tarar. In ba ka da hujja za a karɓi kuɗin, ko a bi dukiyarka, in ba a samu ba kana iya yin ɗaurin da bai wuce wata shida ba. Hukuncin laifinsa ba ya hawa kanka, alkawarinka ne kawai yake bin ka. Kana kuma da damar zuwa kotu a kowane lokaci ka ce ka janye, a kira shi ya nemo wani ko a mayar da shi ajiya. Janyewa ta baki a majalisa ba ta sauke maka komai.

Duk wannan ina da shi a kaina ranar da yayar ta sake zuwa, kwana bakwai da tura yaron, ta tsaya a bakin ƙofata a Kubwa ta kasa cewa komai. Na san abin da ya kawo ta. Ni kaɗai ne a cikin waɗanda ta sani nake da rasit ɗin haya a cikin Abuja. Ban amsa a take ba. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da sanin wannan babi, suna rarrabe lamunin dukiya da lamunin fuska, wato ɗaukar nauyin kawo mutum, kuma hadisi ya ce wanda ya yi lamuni shi ne mai biya. Na je kasuwa na tambayi shugaban 'yan dako, ya ce shekara huɗu yaron yana tare da su, ko ƙusa bai taɓa ɗauka ba. Na tambayi sunan ƙauyensu da na mahaifinsu, na karɓi lambar kawun na Mararaba. Matata ta ce, "Maigida, idan ya gudu fa?" Na ce mata idan ya gudu dubu 200 ce, kuma na auna zan iya. Washegari na sa hannu, hannuna yana ɗan rawa.

Tambayar da na yi wa shugaban 'yan dako ita ce nake ganin ya kamata kotunanmu su riƙa yi. Sarkin kasuwa, da shugaban ƙungiyar direbobi, da limamin unguwa, da mai unguwa sun fi wani darakta sanin wanda zai gudu da wanda zai tsaya. Yau mutane da yawa suna da lambar shaidar ɗan ƙasa da ta banki, layin wayarsu kuma a haɗe yake da lambar shaidar, don haka Madalla ko Mararaba ba wata duniya ba ce da za a kasa nemo mutum. Ana iya sa wa mai ƙaramin laifi sharaɗin zuwa ya sa hannu a kotu duk mako biyu. Doka ba ta hana ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ta bar wa alƙali zaɓi, ta ce kawai kada ya tsananta.

Yaron ya fito a kwana na tara da yamma, ya rame, kansa duk ƙuraje. An ɗage shari'ar sau biyar. Kowane daren jajibiri ina kiransa, ya ce, "Baba, ina sane, da asuba zan fito." Bai taɓa makara ba, ko da yake kowane zama yana cinye masa aikin yini guda da kuɗin mota. Mai wayar ya karɓi abarsa tun a caji ofis, bai taɓa leƙo kotun ba. A zama na shida, da aka kira shaida ba kowa, majistare ya kori ƙarar ya sallame shi, ya ce mai tsayawa ma an sauke masa nauyi. Na tsaya a ofishin rajistara har sai da na ga an rubuta haka a fayil. Da na fito, yaron ya riga ya tare mota zuwa Dei-Dei, wai akwai tirelar katako da za a sauke kafin magariba.